Tambaya: Ina agwagwar nan mai ado da na gani a watan Afrilu ta shiga?

Baƙon Surrey ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman wanda ya san tsuntsaye ya warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Karatu ne ya kawo ni Ingila, kuma a watan Afrilu na je yawon buɗe ido wani tafki da ake kira Virginia Water, a gefen babban gandun Windsor, a yankin Surrey da ke kudancin ƙasar. A can na ga wata 'yar agwagwa wadda da a hoto aka nuna mini ita, da na rantse mai zane ne ya ƙara mata launi. Bakinta ja ne, tana da farin layi mai faɗi da ya tashi daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, ga wani gashi ruwan goro a kumatunta da ya zubo kamar saje, ƙirjinta shunayya, sannan a bayanta akwai gashi biyu da suka miƙe tsaye kamar an kafa mata mafici biyu. Kusa da ita akwai wata mai launin toka da ke bin ta duk inda ta yi, wadda ban ma kula da ita sosai ba.

A makon jiya, wato tsakiyar Yuli, na koma da abokaina biyu domin in nuna musu, har na cika musu baki a hanya. Muka zagaya bakin ruwan fiye da awa biyu, ko mai kama da ita ba mu gani ba, sai masu launin tokar nan kaɗai. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne na ga ɗaya daga cikinsu a zaune a kan reshen bishiya, can sama da ruwa, kamar kurciya. Tambayata uku ce: mene ne sunan wannan tsuntsu, ina masu adon suka tafi, kuma yaya aka yi agwagwa ta koma hawa bishiya?

Malam Mai Tsuntsaye ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka gani shi ne agwagwar da Turawa ke kira mandarin, masana kuma suna kiranta Aix galericulata. Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya fara shigar da ita cikin jerin sunayen kimiyya a 1758, kuma kalmar galericulata ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin 'yar hula ko gashin kanti, saboda tukkun da ke kanta. Mai adon nan da ya tafi da hankalinka shi ne toron, mai launin tokar da ka raina kuwa ita ce macen.

Game da ɓacewarsu, ba su je ko'ina ba, kuma ina kyautata zaton ka wuce ta gabansu kai da abokanka ba ku gane su ba. Da zarar lokacin barbara ya wuce, wajen watan Yuni, toron yakan zubar da gashin adon nan gaba ɗaya, saje da tukku da mafitan bayan duk su tafi, ya fito da wani gashi mai launin toka da ruwan ƙasa wanda kusan ba shi da bambanci da na mace. Dalilin yana tattare da fuka-fukansa. Agwagwa ba ta canza manyan gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya kamar yadda shaho ko tattabara ke yi, a lokaci guda suke zubewa, saboda haka sai ta yi kusan wata guda ba ta iya tashi. Tsuntsun da ba ya iya tashi kuwa, in yana sanye da ja da ruwan goro a bakin ruwa, ya zama abincin duk mai farauta. Sai ya shiga tufafin da za su saje da inuwar ganye da saiwoyi, ya rage fitowa fili, har sabon fiffike ya tsiro. Daga wajen Satumba zuwa Oktoba adon zai fara dawowa, kafin tsakiyar hunturu ya cika kamar yadda ka san shi.

In kana so ka gane toron a wannan hali, ka bar kallon jiki, ka dubi baki. Bakin toro yana nan da jansa, ko da ya ɗan koɗe ya koma ruwan hoda, na macen kuwa toka-toka ne mai duhu. Ƙafafunsa ma sun fi nata hasken ruwan ɗorawa, kuma farin da ke kewaye da idonsa bai kai nata fitowa ba. Wannan alamar bakin ita ce ba ta yaudara.

Ita macen, kada ka ce ba ta da kyau sai ka zauna ka dube ta da kyau. Kanta toka ne mai laushi, akwai siririn farin zobe da ya zagaye idon, sannan ya ja layi zuwa baya kamar wadda aka zizara wa farin kwalli. Maƙogwaronta fari ne, akwai ɗan farin layi a gindin baki, ƙirjinta da haƙarƙarinta kuma cike suke da ɗigo-ɗigon fari masu ɗan girma a kan ruwan ƙasa. A fiffikenta akwai wani ɓangare mai sheƙin kore da shuɗi wanda ba ya fitowa sosai sai ta miƙe shi. Dukansu biyu ƙanana ne: tsawonsu daga baki zuwa wutsiya santimita 41 zuwa 49, faɗin fuka-fukai in an buɗe santimita 65 zuwa 75, nauyi kuwa abin da bai wuce rabin kilo da ɗan ɗori ba. Idonsu babba ne idan aka kwatanta da girman kai, wutsiyarsu kuma tana da ɗan tsawo, abin da ke taimaka musu wajen kurɗawa tsakanin rassa da gudu.

Tsuntsu ɗaya ne tak zai iya rikita ka, wato 'yar uwarta ta Amurka ta Arewa da ake kira Aix sponsa, wadda masu kiwon tsuntsayen ado suke ajiyewa, wani lokaci kuma takan kuɓuce. Su biyu ne kaɗai a wannan zuriya ta Aix. Torayen ba sa kama, domin na Amurka kansa kore ne mai duhu, idonsa ja, kuma ba shi da mafitan baya. Matan ne suke kama kamar tagwaye. Bambancin shi ne farin idon ta Amurka ya fi kauri, yana da siffar ɗigon hawaye, kanta ya fi duhu, ɗigon haƙarƙarinta sirara ne, kuma ƙarshen bakinta baƙi ne, alhali ƙarshen bakin mandarin yana da haske.

Hawa bishiya kuwa ba abin mamaki ba ne a wurinta, domin asalinta agwagwar kurmi ce. Tana son ƙananan tafkuna da rafuka waɗanda bishiyoyi suka yi musu rumfa, ta fi son gefe a kan tsakiyar ruwa, kuma yatsunta suna da farata masu kaifi da take riƙe reshe da su. Da rana takan lafe a kan reshe ko ƙarƙashin saiwoyin da suka sauko ruwa, sai da asuba da kuma gab da magariba take fitowa neman abinci. In ka je da tsakar rana, a watan da suka fi ɓuya, dole ka ji kunya a gaban abokanka.

Maman Hanifa ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira. Ina so in ƙara bayani a kan sheƙarta, domin a ganina nan ne labarin wannan tsuntsu yake, ba a launin toron ba. Mun zauna shekaru a Jamus, kusa da Potsdam, inda su ma suke da tasu mandarin da ke rayuwa a sake a tafkunan da ke tsakanin garin da Balin, kuma na taɓa tsayawa da 'yata muna kallon wata uwa da 'ya'yanta a ƙarshen watan Mayu. Ta fito daga cikin ciyawa tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, 'yan tsakin na bin ta a jere, kowanne bai fi ƙwan kaza girma ba, bayansu ruwan ƙasa, cikinsu ruwan ɗorawa mai haske, da ɗan baƙin layi daga ido zuwa ƙeya. Da wani kare ya matso, sai ta rabu da su ta dinga dukan ruwa da fiffike ɗaya kamar wadda ta karye, har ta janye hankalinsa, su kuma suka shige ƙarƙashin saiwoyi. Ko ƙyallin toro babu a wurin.

Ba ta yin sheƙa a ƙasa. Kogon bishiya take nema, ko wanda ruɓewa ta haifar inda reshe ya karye, ko wanda tsuntsun nan mai sassaƙar itace da baki ya haƙa ya bari, domin ita ba ta iya haƙa da kanta. Wani kogon yakan kai mita goma daga ƙasa, har ma ya wuce, kuma ba lallai ne bishiyar ta kasance a bakin ruwa ba. A cikinsa take shimfiɗa lallausan gashin da ta fige daga ƙirjinta, ta saka ƙwai tara zuwa goma sha biyu a watan Afrilu ko Mayu, ta yi kwanci na kwana 28 zuwa 30 ita kaɗai. Wani lokaci akan tarar da ƙwai fiye da ashirin a kogo ɗaya, abin da ke nuna cewa wata macen da ta rasa wuri ta lallaɓo ta zuba nata a ciki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ƙarancin kogon da suke fama da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fitowar 'ya'yan. Kwana ɗaya kacal bayan ƙyanƙyashewa, uwar takan sauko ƙasa ta tsaya a gindin bishiyar tana kira. Su kuma su kama bangon kogon da 'yan faratansu su hau zuwa bakin, sannan ɗaya bayan ɗaya su faɗo, babu gashin tashi ko ɗaya a jikinsu. Rashin nauyinsu da laushin gashinsu da busassun ganyen da ke ƙasa su ne ke kare su, sai ka ga ɗan tsako ya bugi ƙasa ya yi tsalle kamar ƙwallo, ya miƙe ya bi uwarsa. Daga nan ta ja su zuwa ruwa, ba kuma za su sake komawa kogon ba. Suna cin abinci da kansu tun ranar farko, galibi ƙananan ƙwari, kuma bayan kwana 40 zuwa 45 suna iya tashi.

Manyan kuwa abincinsu yana bin lokaci. A watannin ɗumi suna cin ƙwari da katantanwa da ƙananan kifaye da ganyen ruwa. In sanyi ya ƙarato sai su koma ga tsaba, musamman 'ya'yan bishiyoyin da Turawa ke kira oak da beech, waɗanda suke tsinta a ƙasa cikin kurmi, kuma a Asiya suna shiga gonakin shinkafa bayan girbi su yi kala. Ba kasafai suke nutso ba, sun fi tsoma kai ko kiwo a tudu.

Ɗalibi a Sin ya amsa:

Hajiya, kin taɓo wurin da nake so in yi magana a kai, wato rashin toron a wajen renon 'ya'ya, domin a nan ƙasar Sin sunan wannan tsuntsu ya yi nisa a kan akasin haka. Suna kiransa yuanyang, kuma tun zamanin da suke ɗaukarsa alamar miji da mata da ba sa rabuwa. Ana saƙa hotonsu su biyu a kan matashin kai da zanen gadon amarya, ana zana su a jikin tangaran, kuma in an ga ma'aurata masu son juna sai a kira su da sunan. Japanawa suna ce masa oshidori, suna da irin wannan karin magana ga ma'aurata, a Koriya kuma akwai al'adar ba ango da amarya agwagi biyu na katako. Kalmar ta ma wuce tsuntsu, ta koma sunan duk abu biyu mabambanta da aka haɗa suka dace: a Hong Kong akwai abin sha na haɗin shayi da kofi da ake kira da wannan suna, haka nan tukunyar romo mai gida biyu, ɗaya mai yaji ɗaya marar yaji.

Na fahimci inda wannan ya samo asali. Tun daga kaka har lokacin saka ƙwai, toro da mace ba sa rabuwa, tare suke iyo, tare suke hawa reshe, kuma da yake kamanninsu sun bambanta ƙwarai, kowa na iya ganin cewa namiji da mace ne. Toron yakan raka ta neman kogo, yakan kuma tsaya gadi a kusa a farkon kwanci. Amma ba ya kwanci, kuma galibi kafin a ƙyanƙyashe ya tafi ya haɗu da sauran toraye domin zubar da gashin da Malam ya bayyana. In kaka ta zagayo, yana iya komawa ga tsohuwar abokiyarsa, yana kuma iya neman wata. Masu hikimar da sun ga rabin shekara ne suka yanke hukunci a kan dukanta, ko da yake ban ga laifinsu ba, tun da a ɗaya rabin toron ba ya ganuwa.

Ɗan'uwa Baƙon Surrey, ka kuma sani cewa waɗanda ka gani baƙi ne kamarka. Asalin gidansu gabashin Asiya ne: suna hayayyafa a kurmin gabashin Rasha, a yankin kogunan Amur da Ussuri, da arewa maso gabashin Sin, da Koriya, da Japan. Na arewa sukan yi ƙaura in ruwa ya fara daskarewa, su sauko kudu maso gabashin Sin da kudancin Japan. A gundumar Wuyuan ta lardin Jiangxi akwai tafkin da aka sa wa sunansu saboda yawan waɗanda ke yin hunturu a can. Sare tsofaffin bishiyoyin bakin koguna da kuma kama su da aka daɗe ana yi domin sayarwa ƙasashen waje sun rage yawansu a yankuna da dama, ko da yake IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ba ta sa su cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa ba.

Ingila kuwa tun ƙarni na 18 attajirai suka fara kai su domin ƙawata lambuna. Waɗanda ke sake a yanzu jikokin waɗanda suka kuɓuce ne ko aka saka a ƙarni na 20, musamman a Surrey da Berkshire, inda suka tarar da tsofaffin bishiyoyin oak masu koguna da tafkuna masu inuwa, wato daidai abin da suka baro. A 1971 aka amince da su cikin jerin tsuntsayen Birtaniya, kuma ƙiyasin da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ya kai kimanin 7,000. Su ba sa ƙaura, shi ya sa na yarda da Malam cewa naka suna nan. Sunan mandarin ɗin ma Turawa ne suka laƙaba, suna kwatanta adonsa da tufafin manyan ma'aikatan fadar sarkin Sin, waɗanda suke kira da wannan suna. Akwai kuma wanda ya bayyana shi kaɗai a Central Park na birnin New York a watan Oktoban 2018, jama'a suka yi ta tururuwa da kyamarori. Zoben da ke ƙafarsa ya nuna daga hannun wani mai kiwo ya fito.

Mai Kiwo daga Kano ya amsa:

Malamai, ni mai kiwon agwagwa ne, kuma bayanin kogon bishiyar nan ya tuna mini da namu na gida. Na sha ganin macen agwagwa ta tashi ta hau katanga ko rufin akurki, kuma duk wanda ya taɓa kama toro da hannu ya san faratansa suna yanka. Shin dangi ne? Sannan ko mandarin tana cikin tsuntsayen da ke zuwa dausayin Haɗeja da Nguru lokacin sanyi?

Malam Mai Tsuntsaye ya sake amsawa:

Alhaji, ka lura da kyau. Agwagwarmu ta gida mai jan tsoka a fuska asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu take, kuma kakanninta na daji su ma a kogon bishiya suke saka ƙwai, a kan rassa suke kwana, shi ya sa faratan da son hawa sama suka rage mata. An daɗe ana lissafa su tare a rukunin agwagi masu hawa bishiya saboda wannan ɗabi'a, sai dai zuriyarsu daban ce. Taku tana kwanci kwana 35, mandarin ba ta wuce 30 ba, kuma toronka ɗaya zai rinjayi mandarin bakwai ko takwas a ma'auni. Ko kukansu ya bambanta, domin toron mandarin 'yar siririyar fito yake yi, macen kuma wani ɗan gajeren sauti mai kama da na kaza, babu mai kwakwazo a cikinsu.

Haɗeja da Nguru kuwa ba ta zuwa. Agwagin da ke sauka can lokacin hunturu daga Turai da yammacin Asiya suke tasowa, su tarar da kirinjijiya da dinya da ke zaune a wurin, hanyar mandarin kuma ba ta ƙetare gabashin Asiya ba. In ka gan ta a Afirka, to a hannun mai kiwon tsuntsayen ado ka gan ta. Masu ajiye ta suna yi mata keji mai rufi da inuwa da ruwa mai tsabta, su kafa mata akwati a sama da ƙasa mai ƙofa zagayayya a madadin kogo, domin ba ta son saka ƙwai a fili. Tsuntsuwar kurmi ce mai sanyi, saboda haka zafin watan Afrilu na Kano zai zama babban gwaji gare ta, kuma ba ta da naman da zai biya kuɗin tsabarta.

Baƙon Surrey ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, da Hajiya, da sauran 'yan uwa. Jiya na yi sammako na koma, na isa kafin ƙarfe shida, na bar wurin da mutane ke jefa wa agwagi burodi na nufi wata kusurwa da rassa suka sunkuyo kan ruwa. Na zauna shiru kusan minti ashirin kafin su fara fitowa. Na ƙirga tara, dukansu toka-toka, na bi bakinsu ɗaya bayan ɗaya da madubin hangen nesa da na aro, sai ga huɗu masu jan baki. Ɗaya daga cikinsu fiffikensa duk guntaye ne, da wani mai gudun motsa jiki ya wuce sauran suka tashi, shi sai ya ruga a kan ruwa ya shige ƙarƙashin wata saiwa. Na ɗauki hotonsa, na aika wa abokan nawa, har yanzu ɗaya ya ƙi yarda cewa tsuntsu ɗaya ne da wanda na kwatanta musu, saboda haka mun yi alkawarin komawa tare a watan Nuwamba.